Makokin da Ban Zauna Ba

Shekara shida muka yi muna ɗinki a shago ɗaya a unguwar Mansur ta Makka, ni da wani Ba'indiye. Kekensa na kallon bango, nawa na kallon titi, don ni ba na iya yini ban tanka wa mai wucewa ba. Da gurguwar Larabci muke hira, tasa ta fi tawa karyewa. Shi yake gyara mini wuyan jallabiya in na ɓata, ni kuma in tare masa masu kawo ɗinki in sun zo da masifa, don bakina ba ya mutuwa.

Ba cikin Musulunci aka haife shi ba. Maraya ne, ya tashi a gidan ibadar 'yan Hindu, irin waɗanda ba sa aure, suna aske kai ƙwal, suna ɗaura yadi ruwan goro. Suna da babba guda, wani tsoho. Ba a cin abinci sai ya sa albarka, ba a tafiya sai an taɓa ƙafarsa an nemi izini, shi yake yanka wa kowa aikinsa. Shi ya fara danƙa wa abokina allura. Ranar da abokina ya je ya gaya masa zuciyarsa ta koma Musulunci, sai tsohon ya sa aka ƙulla masa guzuri, ya rako shi har bakin ƙofa, abin da bai taɓa yi wa kowa ba. Duk sanda ya ba ni labarin nan sai in ce, "To, Allah dai ya tsamo ka," in ci gaba da taka kekena.

Shekarar da shehun da ya ba ni wuridi ya rasu a can ƙasarmu, na yi kuka har muryata ta dushe. Mu muridansa na Mansur muka shimfiɗa tabarma kwana uku. Abokina bai san shehun ba, ko "sannu" ba ya iya faɗa daidai, amma ya rufe kekensa ya zo ya zauna kusa da ni, yana zuba wa mutane shayi har aka tashi.

Bayan wata takwas, ana dab da aikin Hajji, ɗinki ya yi mana tuli, sai aka kira shi a waya da hantsi. Ya ajiye wayar ya ce, "Mu'allim, babana ya mutu."

Na ce, "Wane baban kuma? Ba ka ce kai maraya ne ba?"

Ya ce, "Tsohon."

Na buɗe baki zan yi addu'ar da muka saba yi wa mamaci, sai na kama kaina. Can ya ce ko zan ara masa tabarmar nan ta rannan.

Na ce, "Haba! A Makka? Mutane su zo su ce me? Ga ɗinkin alhazai ya taru, kai kana maganar tabarma!"

Bai musa mini ba. Ya ɗauki kwali ya zagaya bayan shago, inda muke tara ƙyallaye, ya zauna. Kwana uku yana zuwa da safe ya wuce can. Ni kuwa na dinga taka keke da ƙarfi, wai don kada in ji komai. Ba kuwa abin ji, ko tari bai yi ba.

A rana ta uku na zagaya ɗauko ƙyalle. Yana zaune a gefe ɗaya na kwalin, ya bar rabi. Ga fulas ɗin shayi a gabansa da kofi biyu, ɗaya a kife. Ya ɗago ya dube ni. Na ɗauki ƙyallena na koma ciki.

Washegari ya dawo kan kekensa. Ya ci gaba da gyara mini wuyan jallabiya, amma bai ƙara ba ni labarin tsohon ba, har iƙamarsa, wato takardar zamansa, ta ƙare ya koma ƙasarsu.

Daga baya na kai maganar wurin wani malaminmu, ina so ya ce na yi daidai. Sai ya ce, "Kai, wa ya ce ka yi wa mamaci addu'a? Mai ran fa, wa ya hana ka ce masa ya yi haƙuri?"

Har yau abin yana cin zuciyata. Kwana uku ya zauna mini, ni na kasa ba shi ko tsawon shan shayi. Kofin nan da ke kife nawa ne, wallahi tun a lokacin na sani.