Col Bai Ce Ya Dawo Ba

Duk wanda ya taɓa zama a Port Ansell, a gaɓar Tasmaniya, ya san muryar Glenys Cawthorn kafin ya san fuskarta. Ita ce ke zaune a ɗan ɗakin rediyo na 'yan sa-kai masu ceto a teku, can kan tudu daura da bakin kogi, tana karanta wa masunta hasashen yanayi kowace safiya. Ba ita ke tsara shi ba. Masana ne ke aiko shi daga birni, ita nata karantawa ne kawai. Amma je ka gaya wa mutanen garin haka. In ruwa ya jiƙa wa wata shanya, Glenys ce. In iska ta ɓata wasan ƙwallon Asabar, Glenys ce. Ko burodi ta shiga saya sai mai shagon ya ce, "Uwar ruwa, yaushe za ki sassauta mana ne?" Tun tana dariya har ta daina.

'Yar masunci ce. Uwarsu ta rasu tana budurwa, ita ta raini ƙanenta Col, wanda yanzu ya yi furfura amma hankalin bai iso ba tukuna. Ta yi aikin gidan waya har ta yi ritaya, sannan ta hau wannan kujerar da ba a biyan kowa ko sisi a kanta. Mijinta Trevor shi ke tuƙa jirgin ceto. A duk 'yan sa-kan, shi kaɗai ke da izinin fitar da jirgin ta bakin kogi, inda yashi ya taru a ƙarƙashin ruwa, igiyar teku ke zuwa ta karye a kai.

Ƙa'idar wurin ba ta da wuya. In za ka fita teku ka kira Glenys ta rediyo, ka faɗi inda ka nufa da lokacin da za ka dawo. In ka dawo ka sake kira ka ce ka dawo. Lokaci ya wuce ba a ji ka ba, za a neme ka, in ba a same ka ba a fitar da jirgi. Yaro ma zai riƙe wannan. Col kuwa rabin farko kawai ya iya. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, Glenys ta sha kiransa a waya ta same shi yana wanke kifi a bayan gida, ya ce, "Af, na manta, Yaya." Ta yi faɗa, ta yi lallashi, ta kai ƙararsa wajen matarsa, duk a banza.

Ranar da abin ya faru cikin Yuli ne, tsakiyar sanyi a can ƙasar. An kwashe kwanaki ana tafka ruwa, sai ya ɗauke, iska ta kwanta, gari ya waye tangaran. Irin safiyar da ke yaudarar mutane ke nan. Glenys ta karanta abin da aka aiko: hazo mai kauri zai taso daga teku wajen tsakar rana, igiya daga kudu za ta ƙaru da yamma. Ba ta gama ajiye takardar ba sai ga muryar Col.

"Yaya, ni ne. Zan leƙa bayan duwatsu, ni kaɗai. Kafin abincin rana na dawo."

"Ka ji abin da na karanta kuwa?"

"Na ji mana. Ke kullum sai kin kira mana masifa. Leƙa taga ki ga rana."

"Col, in ka dawo ka kira ni. Ka ji ko?"

"Haba Yaya, yaro ne ni?"

Hazon ya zo kamar yadda aka ce. Da farko ya haɗiye duwatsun, sannan fitilar bakin kogi, daga baya ko shingen ƙofar ɗakinta ba ta gani. Masunta suka riƙa kira ɗaya bayan ɗaya suna cewa sun shigo. Col shiru. Ta kira shi ta rediyo, shiru. Ta kira wayarsa, tana ta ƙara ba a ɗauka. Ranta ya ɓaci kafin tsoro ya zo, don ta san halinsa. Ta tura Trevor ya duba inda ake zura jirage cikin ruwa.

Ya dawo yana share raɓa daga gilashin idonsa. "Motarsa na nan, Glen. Abin jan jirgin ma na nan, ba komai a kai. Wayarsa tana kan kujerar motar, na ga kiranki."

"Wataƙila ya sake mantawa ne."

"Wataƙila. To jirgin fa, a aljihu ya sa shi?"

Ta dube shi. Tsoho ne mai ciwon gwiwa, da ƙyar yake hawa matakalar ɗakin nan. Daga inda take tana jin rugugin igiya a bakin kogi, kuma ta san ya fi na safe. In ta ce a jira, kuma Col na cikin ruwan sanyin nan, ba zai kai yamma ba. In ta ce a fita, mijinta ne zai ratsa wurin ba ya ganin gabansa. Ita ce a kan kujera, maganar tata ce.

"Tsohuwa, ki faɗa mana," in ji Trevor. "Ruwa ba ya jira."

"Je ku," ta ce.

Suka fita, shi da mutum biyu. Tana jin su ta rediyo suna busa ƙaho, suna kashe inji su saurara, su sake gaba. Suna cikin haka wayar ɗakin ta yi ƙara. Maureen ce, mai sayar da abinci a kulob ɗin garin.

"Glen, na ji an fitar da jirgi. Wa ake nema?"

"Col."

"Wane Col? Naku? Ga shi nan gabana yana cin kifi da dankali, har ya sha kofi biyu na giya."

Ashe ya shigo tun hazo bai rufe ba, ya wuce sama cikin kogi ya ɗaure jirgin a 'yar gadar katako da wani abokinsa ke ɗaure nasa, abokin ya kawo shi kulob a mota. Glenys ta ajiye wayar. Ta danna rediyo ta ce wa Trevor su juyo, an ga mutumin. A hanyar shigowa ne igiya ta taso musu ta baya cikin hazo, ta ɗaga jirgin ta buga. Trevor ya faɗa kan sitiyari. Haƙarƙari ya karye, kafaɗa ta goce. Likita ya ce ya gama tuƙa jirgi.

Col ya zo gida da kifi a leda, yana ta murza hula. Ba ta karɓa ba, ba ta kuma kore shi ba. Abin da ya fi ci mata rai shi ne a shago mutane sun riga sun mai da zancen abin dariya, wani har yana cewa ai hazon nata ne ya jawo.

Ba ta bar kujerar ba. Da Trevor ya fara iya tashi zaune da kansa, ta koma ɗakin rediyon. Ta karanta hasashen safiya, ruwa jefi-jefi, iska daga yamma. Jirgin ceto na ɗaure a ƙasan tudu, an lulluɓe shi da tamfol, ana jiran a samo wani daga garin gaba ya koyi hanyar. Sai rediyo ya yi ƙara.

"Yaya... ni ne. Zan fita kusa, ba nisa. Zan kira in na dawo, na rantse."

Duk jiragen garin suna kan layin, kowa na ji. Ta danna maɓallin.

"Na ji ka, Col. Na rubuta. Amma ka sani, yau in ba ka dawo ba, ba ni da wanda zan tura."