Motar Mutanen Buhara

Shekara ashirin ina sayar da harami da silifa a Bi'ir Ali, inda motocin alhazai ke tsayawa a ɗauki niyya. Maƙwabcin shagona wani tsoho ne mutumin Buhara, mai gasa gurasa. Gudowa ya yi tun yana saurayi. Da ɗan kama-karyan kwaminis da ke mulkinsu ya mutu, duniya ta zaci za a sassauta. Ashe na ƙasa da shi sun fi shi bushewar zuciya. Suka riƙe kujerar har yau. Mota ɗaya tal suke bari ta zo hajji, da jami'in da ke lura da duk wanda alhaji ya gaisa da shi.

Ni ban san da zancen jami'in ba. Kuma ko da yake a Madina aka haife ni, tarbiyyar Hausawa aka yi mini: ka ga baƙo daga garin maƙwabcinka, ka haɗa su.

Ranar da motar ta zo, tsohon ya bar tanda ya tsaya bakin ƙofa, hannu duk gari. Wata tsohuwa mai farin mayafi ta sauko ta tsaya nesa. Suna ta kallon juna, ba mai motsi. Hanci ɗaya, goshi ɗaya. Haushi ya kama ni. Jini ɗaya, ba ko sannu?

Na kamo hannunsa ina ja, ina washe baki. "Ya hajja, ta'ali, zo mana! Ahuki ne, ɗan'uwanki, wallahi!"

Jami'in ya juyo, ya ɗaga waya ya ɗauke su hoto. Tsohuwar ta ce da Larabcinta na makaranta ba ta san shi ba, ta koma mota.

Tsohon bai zage ni ba. Da ma ya zaga. Ya ce, "Ya waladi, ɗana, shekara arba'in muna shirya kallon nan. 'Ya'yanta uku suna can."

Da shekara ta zagayo, wani alhaji daga motar ya sayi gurasa, ya bar ƙunshi a kan tebur kamar mantuwa. Farin mayafinta ne.

Bayan la'asar tsohon ya leƙo shagona. "Zo mu yi mata sallar ga'ib, jana'izar wanda ya rasu a nesa," ya ce. "Duk Madina kai kaɗai ka san ƙanwata ce."