Muryar da Na Ce a Goge

Kakata ta wajen uwa ba ta taɓa zuwa Jidda ba, ni kuma ban taɓa taka ƙauyenta ba. Muryarta kawai na sani. Duk shekara idan alhazai suka iso, sai wani ya ƙwanƙwasa ƙofarmu a unguwar Karantina da kaset naɗe cikin tsumma. Takan gai da kowa ɗaya bayan ɗaya, ana jin zakara na cara a bayanta, sannan ta zo kaina: "Ina maigidana mai ƙaton kai? An ce ka zama Balarabe. In ka daina yi da ni, ka aiko min da takardata."

Inna takan ji kaset ɗin har ta ƙoshi, ta naɗi amsarta a kansa, ta ba masu komawa gida. Shi ya sa guda ɗaya tak ya rage mana, na ƙarshe, wanda babu wadda za a mayar wa amsarsa, don ta rasu. Da rediyo ya fara tauna shi, sai na kwashe muryar na zuba a tsohuwar laftof ɗina. Bai yi wata ba zaren ya tsinke ya cukurkuɗe. Daga nan kowace Juma'a bayan la'asar Inna sai ta zauna bakin katifata ta ce, "Kunna min tsohuwa."

A 2008 ina aiki a wani ofishin fiton kaya kusa da tashar jiragen ruwa, laftof ɗin nan kuwa ta tsufa, kafin ta buɗe ka gama shan shayi. Wani abokin aikina, Balarabe mai mota da ƙamshin turare, ya ce zai kai ni inda za a karɓi tsohuwar a ba ni sabuwa. Wannan mutumin na gaya masa a Aziziyya, unguwar masu hali, nake zaune. A can yakan sauke ni, in jira ya ɓace, in tari motar Karantina.

Mai shagon ya jera mana guda biyu. Ɗaya baƙa ce mai kauri, nauyi kamar dutsen guga, amma rumbun ajiyarta babba, kuma akwai gurbin ƙara mata ram, abin da ke sa ta sauri. Ɗayar siririya ce ruwan azurfa, da ɗan idon kyamara a goshinta, sai dai rumbunta ƙarami. Mai shagon ya yi min gaskiya. Ya ce in aiki nake so in ɗauki baƙar, ya ƙara mata ram nan take, duk kayan da ke tsohuwar su shige har da rarar wuri. Na san shi ke da gaskiya. Amma abokina ya ɗaga baƙar da hannu biyu, ya yi nishin ƙarya, ya ce wannan ai ta 'yan dako ce. Ubana ɗan dako ne a tasha har ƙugunsa ya gaza. Na yi dariya tare da shi, na nuna siririyar.

Tunda ba komai zai shiga ba, sai mai shagon ya buɗe tsohuwar a kan kanta, yana bin kayan ciki yana tambayata wanne za a kwashe, wanne za a bari. Takardun ofis, a kwashe. Hotuna, a kwashe. Sai ya danna wani abu, ashe sifika a ƙure take.

"Ina maigidana mai ƙaton kai?"

Shagon ya cika da muryarta, da zakaran, da tarin da takan yi kafin ta yi dariya. Mutane suka waiwayo. Abokina ya fashe da dariya, ya kwaikwayi muryar da hanci, ya ce, "Esh hada? Wace ce wannan, ya shekh?"

Wata zufa ta keto min. Muryar ba ta da wani girma, da ta shige siririyar ba tare da an ma lura ba. Kalma ɗaya zan faɗa, kakata ce. Na buɗe baki, da Larabcina mai santsi da nake taƙama da shi, na ce ta wata mai aikin gidanmu ce da ta tafi tuntuni. Na ce a goge.

Mai shagon ya kashe sifikar, ya dube ni. Ban sani ba ko ya gane. Ya ce, "Ka tabbata? Tsohuwar tas zan wanke ta kafin in sayar." Na gaya wa kaina akwai kwafi a gida a filas, ɗan ma'ajin nan da ake soka wa kwamfuta, alhali na san ni da hannuna na share filas ɗin na zuba takardun kwantena. Abokina yana kaɗa makullin mota. Na ce, "Halas, goge. Yalla."

Washegari da sassafe na koma ni kaɗai, na tsaya har aka buɗe shagon. Ya riga ya wanke ta. Ya juyo min da fuskarta na gani, fayau.

Juma'a ta zo. Inna ta shigo ta shafa bayan sabuwar da tafin hannu, ta sa albarka, ta ce wannan kam tsohuwa za ta ji daɗin zama a ciki. Ta gyara mayafi ta zauna. Na yi ta danne-danne. A ƙarshe na ce mata muryar tana nan, amma sabuwar ba ta da ƙarfin buɗe ta sai an ƙara mata ram.

"Mene ne kuma ram?"

Na yi mata bayani dalla-dalla, kamar mutumin kirki. Ta ce, "To, babu gaggawa. In ka samu sarari ka ƙara mata."

Ban taɓa faɗa mata ba. Inna ba ta iya karatun boko ba, ba ta san sunan ko maɓalli ɗaya ba, amma wannan kalmar ta riƙe ta gam. Shekara huɗu ta ƙara a duniya, kuma ba ta taɓa matsa min ba. Sai dai wata Juma'ar, in ta ga na buɗe laftof, ta leƙo daga bakin ƙofa a hankali, don kada ta takura min, ta ce, "Har yanzu ba a samu ram ɗin ba ko?"