Injin Walda da Bargunan Mutane

Lokacin da nake aiki a shagon wani ɗan kasuwa a unguwar Gurda ta birnin Sabha, can ƙetaren hamada, ni ke rubuta takardun kayan da ake lodawa zuwa Nijar. Kowane abu da lambarsa a wurin kwastan: bargo da tasa, butar shayi da tata, taliya da tata. A iya sanina abin ba shi da wuya, natsuwa kawai yake so. Mutanenmu na Sabha kuwa sun ɗauka lamba ado ce da nake yi wa takarda don a san na yi jami'a.

Wani dattijo mai walda, ɗan Damagaram, da muke kira Baba, ya zo mini zai koma gida gaba ɗaya. Ya daɗe a unguwar Hajara yana haɗa ƙofofi da tagogi, kuma abin da ya tsira da shi tsohon injin walda ne, da shi yake son buɗe rumfa a garinsu. Na gaya masa cewa mai komawa gida, in kayan na amfaninsa ne da na sana'arsa, akan yi masa sassauci. Amma fa sai kayan sun yi kama da na mutum ɗaya. Na rubuta inji, katifa, tukwane, bargo biyu. Takarda ta fito tsaf.

Sai labari ya bazu cewa Baba zai tafi.

Ban san al'adar da ta kai saƙo rashin ta-ido ba. Mutumin da bai leƙo Baba ba lokacin da ƙarfe ya faɗo masa a ƙafa, ga shi da bargo cikin jaka mai zif, wai na tsohuwarsa ne. Wani ya kawo uku. Kowa ya ajiye sai ya ce "amana", ya kaɗe hannu ya yi gaba. Kafin ranar lodi ɗakin Baba ya koma kamar shagon barguna, duk sababbi, wasu ko farashin ba a ɓanɓare ba.

Na same su a ƙofar ɗakin suna shan shayi. Na ce, "Baba, ina jin tsoro. Mai yiwuwa in 'yan duwan, wato kwastan, suka ga wannan tulin su ce fatauci ne. In suka ce haka, kowane abu zai koma kan lambarsa, har injin."

Wani birkila mai bargo uku ya kira ni da laƙabin da suke yi wa ɗan boko, ya ce, "Mushe, mai yiwuwa ka ce ko tabbas?"

"Ban ce lalle ba. Ya danganta da wanda aka tarar."

"To kun ji! Shi ma bai sani ba. Ka rubuta duka na Baba ne, mutum ne mai jin sanyi."

Aka kwashe da dariya. Na ce ba zan rubuta abin da ba haka yake ba, ko na rubuta ma jami'in yana da ido. Na kawo shawara a ware bargunan, a yi musu takardarsu daban, kowa ya ɗauki nauyin nasa. Nan take shayi ya ƙare. Wannan ya tuna ana kiransa wurin aiki, wancan ya ce zai je ya dawo.

Baba ya ja ni gefe. "Ɗana, na ji maganarka. Amma mutum ya ce na uwarsa ne, da wane baki zan ce ya ɗauke?"

Haka aka ɗaure bargunan a kan mota, injin a ƙasa.

Daga bakin iyaka Baba ya kira ni, murya a dishe. Sun ce fatauci ne. Ban ga laifinsu ba, ni ma abin da zan ce ke nan. Abin da ke aljihunsa bai isa ya fitar da kayan ba, direba kuma ya ce ba zai jira ba. Na ce ya bar bargunan a wurin, masu su su san yadda za su yi. Sai ya ce akwai wani a wurin da ya taya injin. Na roƙe shi ya dakata in kira masu saƙon. Na kira waɗanda nake da lambar wayarsu, babu wanda ya ɗauka. Kafin in sake samunsa ya sayar, ya fanshi amanar mutane.

Bayan wani lokaci birkilan nan ya shigo shago fuska a murtuke. Wai an kai wa tsohuwarsa bargo mai ruwan ƙasa, alhali ja ya aika.

"Mushe, ka kira mini dattijon nan. Ai wannan sakaci ne."