Surukata da bishiyar da ke shan gishiri

Shekarar da surukata ta zo Umara daga Kano, a gidanmu na unguwar Bani Harisa a Madina ta sauka. Ina ɗalibi a jami'a lokacin, ina lallaɓa iƙamata, wato takardar izinin zama, kamar ƙwai a cokali. Tun daga filin jirgi na koma ɗan Malam Bahaushe sak: kai a sunkuye, murya ƙasa-ƙasa, ba na cin abinci inda take. Ita ma ba ta yi mini magana kai tsaye. Ina zaune a gabanta za ta dubi 'yarta ta ce, "Gaya wa malam ya rage sanyin nan."

Hajiya mace ce mai kirki, sai dai ba ta iya wuce itace ba ta taɓa shi ba. A wurinta Allah bai halicci ganye a banza ba. Ko a titin Sultana, mutane na kallon shaguna, ita tana murza ganyen bakin titi tana sunsunawa.

Matata ce ta kawo shawarar mu kai ta Yanbu ta ga teku. Muka ɗauki hanya da kular shinkafa da tabarma. Tekun bai burge ta ba, ta ce ruwa ne dai ya yi yawa. Abin da ya tsayar da ita wasu bishiyoyi ne kore shar, tsaye tsamo-tsamo cikin ruwan gishiri, saiwoyinsu sun leƙo daga laka kamar turaku. Larabawa na ce musu shura.

"Itacen da ya sha gishiri bai mutu ba," in ji ta, "ai ya gama da hawan jini. Gaya wa malam ya sassaƙo mini."

Ta kwance bakin zane ta fiddo 'yar wuƙa. Ni kuwa na riga na karanta allon da ke bakin wurin. Bishiyoyin nan su ke karya ƙarfin igiyar ruwa, saiwoyinsu ke riƙe ƙasa kada teku ya cinye gaɓa, shi ya sa doka ta hana sara ko sassaƙa, ko raƙumi ba a bari ya yi kiwo a ciki. Baƙon da aka kama, Allah kaɗai ya san makomar zamansa. To amma wane ɗan halak ne zai dubi surukarsa ya ce a'a? Wallahi na ji tsoro, kuma ban san wanne ya fi ba ni tsoron ba.

Na karɓi wuƙa da hannu biyu, na naɗe wando, na yi kamar ina neman wurin shiga. Sai na hango mai gadin wurin cikin kaki, baƙin mutum, yana tafe a hankali. Na tare shi, na zuba masa Larabcin aji. Na ce don Allah idan na kusanci itacen ya daka mini tsawa, yadda tsohuwar can za ta ji, in samu mafita. Ya dube ni, ya dubi wuƙar, ya ce, "Ɗayyib," wato to.

Maimakon tsawa, sai ya wuce ni ya nufi tabarma, ya rusuna.

"Sannu ya Hajja. Kaif lafiya?"

Ashe jikan mutanenmu ne, irin waɗanda kakanninsu suka zo Hajji suka zauna. Hausarsa ta sha Larabci har ta ƙoshi, amma ta isa ta kashe ni.

"Hajja, wannan itace mamnu'i ne, an hana. Shi yake kama bahar, ruwa bai ci ƙasa. Kuma walad ɗinki ya sani. Shi ya ce ni yi masa faɗa, ke ki ji."

Matata ta cusa fuska cikin abaya, kafaɗunta na rawa don dariya. Hajiya ba ta ko kalle ni ba. Ta tambayi mutumin asalin kakanninsa, ta sa masa albarka, ta ce itacen da ke tsare gari ai ba a sa masa wuƙa. Kafin mu tashi ta nemi izininsa ta tsinci busassun ganyen da ruwa ya watso kan rairayi, ya ce tafaddali, wato bismillah.

Muka kamo hanya muka dawo Madina. Na ɗauka shi ke nan, na zube a idonta.

Washegari ina shirin fita darasi, matata ta shigo da dafaffen ganyen nan a kofi yana tururi. Daga falo na ji muryar Hajiya, ta ɗaga ta yadda ba sai an isar ba.

"Gaya wa malam ya shanye. Mutumin da zai nemo ɗan doka ya yi masa tsawa don kada ya ce mini a'a, jininsa ya fi nawa hawa. Kuma ki ce masa nan gaba ya faɗa mini da bakinsa, ai ɗana ne."

Ɗaci da gishiri, har cikin kunne. Na shanye tas, na ce a ƙaro.