Safar Hannun Ranar Baƙi

Duk wanda ya san Ikilima ya san mace ce mai adana. A Wurno ta tashi, a hannun kakarta, tsohuwar da ke da kwanuka iri biyu: na cin abinci, da na baƙi, waɗanda ba a saukewa daga jere sai an yi sallama daga nesa. Ikilima ta sha wannan tarbiyya har ta ƙoshi. Ko atamfa aka ba ta, sai ta shekara a ƙasan akwati tana jiran ranar da ta dace.

To ita aka ɗora a kan masu shara a wani ƙaramin asibitin gwamnati da ke kan hanyar Birnin Kudu zuwa Gwaram. Aiki kam ta iya, kada mu ci haƙƙinta. Ɗakin haihuwa tas, ɗakin allura tas. Da aka aiko wa masu shara safar hannu mai kauri da dogayen takalman roba, sai ta shafa su ta ce, "Kai, waɗannan ai sun fi ƙarfin kullum." Ta jera a kabad ta danna kwaɗo. Ranar da masu duba asibitoci za su zo daga Dutse, sai ta fito da su kowa ya sa, a yi hoto, a yaba. Motar baƙi na juya baya, ta bi ta karɓe kayanta, ta wanke ta mayar. Ba sayarwa take ba, ba gida take kaiwa ba, wallahi. Tsoronta ɗaya, kada baƙi su tarar da safa a yage, a ce ba ta iya riƙon kaya ba.

Cikin masu sharar akwai Inna A'i ta Kiyako, dattijuwa mai riƙon jikoki marayu, wadda ta girmi uwar Ikilima. Ita ke kwashe sharar ɗakin allura ta kai ramin ƙonawa. A mitin ɗin ma'aikata, inda shugaban asibitin Malam Zulkifli kan ce kowa ya faɗi damuwarsa, masu shara a bakin ƙofa suke rakuɓewa, amsarsu kullum lafiya lau. Rana ɗaya dai Inna A'i ta yi ta maza.

"Ranka ya daɗe, da ana bar mana safar nan, ko don ɗakin allura."

Malam Zulkifli ya dubi Ikilima. Ita kuwa ta ce, "Haba Inna! Hannun da ya tsufa a surfe da sussuka, wace allura ce za ta huda shi?" Aka kwashe da dariya, har da Inna A'i. Maganar ta mutu a nan.

Allura kuwa ta huda. Wani ne ya jefa ta kwandon shara maimakon akwatinta, Inna A'i ta zura hannu. Ta zo wa Ikilima da babban yatsa yana jini. A satin ake jiran baƙi, don haka Ikilima ta wanke mata da sabulu ta ce a rufe maganar tukuna, su zo su tafi. Suka zo suka tafi, yatsa ya warke, aka manta.

Bayan kaka idanun Inna A'i suka koma ruwan ɗorawa. Ikilima ce ta raka ta gwaji Birnin Kudu, aka ce ciwon hanta ne. Da likita ya ji zancen allura, ya yi faɗa, ya ce da an faɗa a ranar akwai abin da za a iya yi.

"Mantuwar tsufa ce, ɗana," in ji Inna A'i. "Ban gaya wa kowa ba."

Ikilima na tsaye a gefenta. Ta bar maganar ta tafi a haka.

Mutane sun yi ta ba ta baki, ciwo na Allah ne, likita ma bai rantse cewa allurar ce ba. Duk bai shige ta ba. Ta buɗe kabad don ta raba kayan, ta tarar zafi ya narkar da rabin safar, ta manne da juna. Ta zauna a ƙasa ta yi kuka. Tun daga ranar kabad ɗin ba kwaɗo, a mitin kuma bakin ƙofa take zama, ta dinga zungurar masu shara su yi magana.

Sai da ta daɗe tana jan ƙafa kafin ta je Kiyako neman gafara. Ta tarar da Inna A'i kwance a tabarma, ta rame, aiki ya gagare ta. Kafin Ikilima ta buɗe baki, tsohuwar ta lallaɓa ɗaki ta fito da sabon kofi, ta cika shi daga randa.

"Sha, 'yata. Ban ba ki a nawa ba, kada in shafa miki. Wannan na baƙi ne, tun da na saya nake adana shi."

Ikilima ta karɓa da hannu biyu.