Baffa Ummaru da Wuyan Albasa

Ku da kuka yi aiki da Baffa Ummaru a sashen gona na Bodinga kun san babban yatsansa. Duk takardar da aka miƙa masa sai ya danna ta da shi, kamar yadda manomi ke danna wuyan albasa kafin ya ajiye, sannan ya ce, "Mai ruɓa ta, ko mai jira?" Albasar da wuyanta ya yi laushi ita ake fara kaiwa kasuwa, mai tauri ta jira rani. Haka ya raba ayyukan duniya gaba ɗaya, kuma ba ya sake shawara.

Ni ɗiyar yayansa ce, a gidansa na zauna da aka turo ni aikin jinya. Shi da mahaifina, da ke Shagari, sun yi shekaru ba su magana saboda wata tsamiya da ke kan iyakar gonar gado. Abin yana ci mini rai. In na ce, "Baffa, yaushe za ka Shagari?" sai ya ce, "Ɗan'uwa ba ya ruɓa, Hauwa'u. Mai jira ta."

A wurin aiki kam tsarin nan ya yi masa rana. Wata shekara ana jiran wani babban baƙo daga Sakkwato, an jera kujeru, an ba Baffa jawabin maraba. Sai ga wani manomi daga Danchadi ya ce tsutsa ta faɗa wa gero. Baffa ya miƙa wa mataimakinsa jawabin, ya tada babur.

"Ranka shi daɗe, baƙon hwa?"

"Baƙo ko ya kwana bai ruɓa. Ka karanta mai, ka ƙara da tahi."

An tafa ɗin kuwa, geron ma ya tsira. Takardar gargaɗin da aka aiko masa daga baya ya danna ta, ya ce mai jira ce.

Wayarsa kuwa tana cikin akwatin babur a kashe har azahar. Ya ce wanda ke da matsalar gaske ƙafa yake takowa, mai waya galibi so yake ka ɗauki kayansa ka aje naka. Mutane sun yi ta ƙorafi, amma ba manomin da ya taɓa cewa ya neme shi a gona ya rasa.

A gida ne abin ya sha ƙasa. Matarsa, Inna Hajo, ta yi ta faɗa masa tun da rani cewa kwanon ɗakinsa ya huje, yana cewa mai jira ce. Da damina ta sauka kuma ba ya zama. Ran nan ya dawo ya tarar da katifarsa sharkaf, ita tana tsakar gida tana tankaɗe.

"Hajo, kina gani ruwa na zuba, ba ki ko tara kwano ba?"

Ba ta ɗago ba ta ce, "Na danna, Malam. Mai jira ta."

Ya kwana a tabarma.

Da ciwo ya kama shi, ni na raka shi asibiti a Sakkwato, kuma na fahimci abin da likita ya faɗa tun kafin a yi masa bayani. Ya dawo ya ci gaba da aiki. Ranar da za a raba taki, ranar da ko ɗaurin aure ba ya zuwa, manoma sun cika ƙofar gida suna jiransa. Ya fito da hularsa a hannu, ya tsaya, ya kai yatsan nan ya danna wuyansa.

"Hauwa'u, wuya ya yi laushi. Nemo muna mota, Shagari za mu."

Mun iske mahaifina a zaure. Ya daɗe yana kallon ƙanensa, yadda riga ta yi masa yawa.

"Ummaru, mi ya kawo ka? Ba yau kuke rabon taki ba?"

"Mai jira na, Yaya. Na zo gaishe ka."

Mahaifina ya matsa, ya ba shi gefen tabarma. Har la'asar suna hirar mahaifiyarsu da wani jakin da ya taɓa kada su suna yara. Ba wanda ya ambaci tsamiya. Ni kuwa na shige cikin gida na yi kukana, don daɗi da baƙin ciki sun haɗe mini.

Baffa bai ga kakar shekarar ba. Ranar addu'ar uku mahaifina ya ce mini, "Ni ma hwa na ɗauka zumuntar tamu jira takai."

Allah Ka jiƙan Baffa Ummaru, Ka yafe masa jinkirin da ya yi, Ka karɓi zuwan da ya yi. Mu da muka saura, Ka nuna mana abin da ba ya jira tun muna da ƙafar zuwa.